Neman Inuwar Mutum Biyu a Gure

Gure, 4 ga Oktoba 1976

Zuwa ga taubashiyata Mairamu 'yar Kawu, ungozoma a matanite, asibitin haihuwa, Yamai.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya ke da maigidanki da yara. Mu nan lafiya lau. Gwaggonki ta samu sauƙin ƙafar, har ta taka da kanta ta je ganin gonar Yaya Abdullahi. Gero ya yi bana, Allah ya raba mu da irin shekarun da suka wuce. Keken ɗinkina ma bai huta ba tun kafin ƙaramar salla.

Maganar Zaliha ce ta sa na ɗauki alƙalami. Kin san wata shida ke nan da ƙyanda ta ɗauke mana Bubakar yana da wata tara. Tun daga ranar matata ba ta koma daidai ba. Ba ta kwanta ciwo ba. Tana daka, tana ɗebo ruwa, tana wanke mini tufafi, amma magana ba ta wuce "to" da "a'a". Matar da in tana daka a da, maƙwabta ke sanin waƙar da aka fitar sabuwa.

Na so in zauna da ita mu yi magana, to amma ina? Mu goma sha tara ne a gidan nan. Zana ɗaya ce tsakanin ɗakinmu da na Yaya Abdullahi, in na yi tari matarsa Yabawa ce ke fara yi mini sannu. An karɓo mata rubutu ta sha, shiru dai.

Ke da kike aikin likita, in akwai wata ƙwaya ko allura da ake yi wa irin wannan, ki aiko mini ta hannun direbobin Damagaram. Ki gaida Kawu in kin rubuta masa.

Naki,
Manzo ɗan Gwaggo

Yamai, 14 ga Oktoba 1976

Zuwa ga Manzo, telan da ya taɓa ɗinka mini zane da hannun riga.

Na samu wasiƙarka, na ji daɗin labarin ƙafar Gwaggo. Muna lafiya, sai ƙaramar da ke fitar da haƙori tana hana mu sakat.

Ba ni da ƙwayar da zan aiko maka, don babu ita. Irin Zaliha ina ganinsu kowane wata. Amma bari in tambaye ka, ka ba ni amsa tsakaninka da Allah: a shekara biyar da aurenku, sau nawa ka zauna da ita ku biyu kuka sa hannu a kwano ɗaya?

A nan Yamai akwai garkuna masu itatuwa wajen bakin kogi, inda ma'aikata ke zuwa da matansu ran Lahadi. Su shimfiɗa tabarma, su buɗe sardin da burodi, su zauna har la'asar. Pikinik suke ce masa. Da farko dariya nake yi musu, ina cewa mutum da gidansa ya tafi cin abinci a jeji kamar mahaukaci. Sai shekarar da na yi ɓari, maigidana ya kai ni can. Abin da ya faɗa mini a ƙarƙashin wani mangwaro ran nan, shekara takwas bai faɗa mini a ɗaki ba.

Ga maganin da nake da shi ke nan. Ka nemi wurin da ba kowa, mai inuwa. Abincin kai za ka nemo, kada ka sa ta dafa. In kun zauna kada ka yi mata tambaya, kuma kada ka yi mata wa'azin haƙuri, ta sha shi ya ishe ta. Na san bakinka ba ya rufuwa, amma ka daure.

In ka ce Gure ba ta da irin wannan wuri, zan ce ragonci ne.

Taubashiyarka,
Mairamu

Gure, 27 ga Oktoba 1976

Mairamu,

Gaisuwa da fatan alheri. Kowa lafiya, Allah ya sa haƙorin yarinya ya fito da sauƙi. Amsar tambayarki ita ce ko sau ɗaya, kuma na ji kunyar rubuta shi.

Kin kira ni rago, to saurari abin da ragon ya yi. Kwana takwas ina rufe shago da la'asar ina zaga garin nan kamar mai neman ɓatacciyar akuya.

Na fara da itacen kanyar da ke bayan lakwal, makarantar bokon garinmu. Inuwa har inuwa, amma ban gama zama ba 'yan lakwal suka kewaye ni suna tambaya ko awon riguna na zo yi. Na tafi bakin tabki, na tarar da mata suna wanki, ga shanu, ga masu yin tubali. Akwai 'yar garka mai kyau kusa da buro, ofishin gwamnati, sai dai gardin da ke gadin ƙofa ya tambaye ni takardar da ta kawo ni.

Sai na ce bari in gwada kan dutsen da ke bayan gari, in ga ko mutane na bi ta nan. Na sayi kaza gasasshiya na hau na zauna. Mairamu, ban san duk Gure ta kan dutsen nan take bi ba. Mai itace ya yi sallama, na ce bismilla. Mai neman jakinsa ya zo, na ce bismilla. Kafin rana ta faɗi mutum bakwai sun ci kazar nan, ni wuya kawai na samu. Kin san garinmu, ba a ganin mutum da abinci a wuce, kai kuma ba ka iya hanawa.

Ma'azu mai raƙumi ne ya ba ni labarin wani kwari a kan hanyar Kelle, tafiyar awa biyu a ƙasa. Na je ran Lahadi. Kana tafe cikin rairayi ba ka ganin komai, sai ka hau wani tudu, sai ga kore a ƙarƙashinka. Dabino da goriba sun haɗe kai, ruwa kuwa da ɗan guntun igiya ake jawo shi. Ba ka jin komai sai kurciya. Garkar wani tsoho ce Bamange, Aisami, ya kewaye ta da darnin ƙaya, ƙofa ɗaya.

Da na gaya masa bukatata, sai ya ɗaure fuska ya ce garkarsa ba wurin kawo matan mutane ba ce. Na ce, "Baba, matata ce ta aure." Ya dube ni daga sama har ƙasa, ya ce, "Matarka? Ba ka da gida ne?" Sai da na ba shi labarin yaron. Ya daɗe yana tona ƙasa da sandarsa, sannan ya ce shi ma ya binne uku. Ya ce in zo duk ranar da na ga dama, shi zai zauna a ƙofa. Na dawo gida ina tafiya kamar wanda ya ci kokawa.

Amma ga abin da ya faru yau da safe, kafin in samu yadda zan gaya mata. Ta kawo mini kunu, ta durƙusa ta ce, "Ina so ka kai ni gidanmu." Na ce kwana nawa za ki yi? Na ga ta wanke kwanoninta na aure ta jera su cikin kwando. Na roƙe ta ta ba ni kwana goma in gama ɗinkin da ke hannuna, ta ce to.

Yanzu ban san abin yi ba. In tsare ta, ko in kai ta ƙauyensu can wajen Kelle? Ɗan Talata direba zai sa wannan a posti a Damagaram don ta yi sauri. Ki bugo mini waya, wasiƙa ba za ta iso a kan lokaci ba.

Manzo

Telegaram, Yamai zuwa Gure, 3 ga Nuwamba 1976

MANZO TELA KASUWA GURE. KA BATA LOKACI. WASIKA NA TAFE. MAIRAMU

Gure, 4 ga Nuwamba 1976

Mairamu,

Muna lafiya. Wayarki ta iso jiya, na karanta ta sau uku a ƙofar shago.

Kin ce na ɓata lokaci. Gaskiya kika faɗa, wata shida na yi ina kallonta ban yi komai ba. Sai dai ban zaci daga bakinki zan ji shi haka a gajarce ba, ke da kika tura ni hawa duwatsu. Da kin san aikin banza ne, da kin faɗa tun farko.

Jibi Asabar zan kai ta gidansu. Ba sai kin wahalar da kanki da wasiƙar ba.

Manzo

Yamai, 13 ga Nuwamba 1976

Manzo,

Ban ma san ta inda zan fara gaisuwa ba. Muna lafiya, ina fatan ku ma haka.

Jiya na dawo daga rangadin allurar rigakafi a ƙauyuka, na tarar da wasiƙarka, na karanta ta a tsaye ban ko ajiye jaka ba. Wayyo Manzo, ba haka na ce ba. Cewa na yi ka ba ta lokaci. Ka ba Zaliha lokaci, kada ka yi gaggawar kai ta. Mota na jirana a ƙofar posti, na rubuta da sauri na haɗe kalmomin biyu, injin waya kuma ba shi da ɓ mai lanƙwasa balle ka bambanta. Wasiƙar da na ce tana tafe, na zaci kwana biyu za mu yi, sai muka yi tara. Laifina ne, ban da bakin kare kaina.

Ni ce zan ce ka ɓata lokaci, bayan ka ciyar da mutum bakwai kaza saboda matarka? Na karanta wa maigidana labarin tsohon nan Aisami, ya ce a duk Yamai ba a samun mai garkar da zai zauna gadin ƙofa ba.

Yau mako guda ke nan da Asabar ɗin da ka faɗa. In ka kai ta, ka bi ta. Kada ka aika kowa, ka je da ƙafarka. In girman kai ya hana ka, zan nemi izini wurin aiki in zo da kaina, in ja ka da kunne har Kelle a gaban 'yan kasuwa. Ka rubuto mini ko da layi ɗaya ne, abinci ba ya shiga mini.

Mairamu

Gure, 24 ga Nuwamba 1976

Zuwa ga taubashiyata Mairamu, wadda ta yi lakwal shekara goma ba ta iya raba kalma biyu ba.

Gaisuwa mai tarin yawa. Kowa lafiya, Gwaggonki na gaishe ki. Ki ci abincinki, kuma ki bar kunnena inda yake. Wasiƙarki ta iso tun shekaranjiya, ɗinkin babbar salla ne ya danne ni. Na yi dariya har allura ta soke ni, na kuma ji kunyar abin da na rubuta miki cikin fushi. Ki yafe. Yanzu gyara zama ki ji.

Ran Juma'a, ana gobe Asabar ɗin da zan kai ta, na ce a raina, tunda an ce lokaci ya wuce, to ya wuce, amma garkar Aisami a kan hanyarmu take, kuma ban taka awa huɗu a rairayi don kurciyoyi su ji daɗi ba. Ko rabuwa za mu yi, sai mun zauna mu biyu sau ɗaya. Na sayi zabo na gasa shi da kaina a bayan shago, na sayi burodi da cuku, na ɗaure kayan shayi. Na ce wa Ɗan Talata ba za mu bi kamyonsa, babbar motarsa, ba, na ari raƙumin Ma'azu.

Ran Asabar muka fita bayan sallar asuba, tana bisa da kwandon kwanoninta, ina jan akala. Inna, gwaggonki, ta raka mu ƙofa. Muka yi ta tafiya har muka kai tudun nan. Na durƙusar da raƙumin na ce mu huta.

Ta ce, "Ai ba mu yi nisa ba."

Na ce, "Ni na gaji."

Da muka gangara ta ga dabinon, sai ta ɗan tsaya. Aisami ya taso ya yi mata maraba da Barbarci, ya ajiye mana kankana biyu, ya ɗauki sandarsa ya tafi bakin ƙofa ya ba mu baya. Na shimfiɗa tabarma kusa da rijiya, na buɗe abinci. Tana tsaye tana waige-waige.

Ta ce, "Su wa za su zo?"

Na ce, "Ba kowa."

"Duk wannan na mutum biyu?"

Na ce e. Ta zauna a can gefen tabarmar, rabin jikinta a ƙasa, ta juya mini kafaɗa. Na tuna dokarki, na kama bakina. Mairamu, tun da aka haife ni ban taɓa yin aiki mai wuya irin wannan ba. Na hura gawayi na dafa shayi na fari, na miƙa mata, ta karɓa. Wani makiyayi ya hango hayaƙi ya nufo mu, na ce shi ke nan an koma gidan jiya. Sai na ga Aisami ya tare shi a ƙofa, ya zaunar da shi ya yanka masa kankana, ya cika shi da hira har ya tashi ya bi shanunsa.

Muna cikin shayi na biyu, ba ta dube ni ba, ta ce, "Da na kai shi likita ran Talata, da yana nan."

Ban gane ba. Sai maganar ta ɓalle mata. Ashe tun ran Talata ta ga ƙurajen a bayan kunnensa. Tsofaffin gida suka ce ba a fita da mai ƙyanda iska ta buge shi, ta bi maganarsu ta rufe shi a ɗaki har Alhamis. Da ta ga numfashinsa ya canza ta saɓa shi ta ruga likita, aka ce ta makara. Wata bakwai tana ɗauke da wannan ita kaɗai. Ta ce tun ranar ba na haɗa ido da ita, ta san na gane ita ta kashe mini ɗa, shi ya sa take so ta tafi in huta da ganin fuskarta.

Na ce, "Zaliha, ni fa ina Damagaram sayen yadi. Kwana uku na yi, alhali kwana ɗaya ya isa, na tsaya kallon kokawa. Na dawo na tarar an binne shi. Kunyarki ce ta hana ni duban idonki. Na ɗauka shirun da kike yi, ni kike yi wa."

Ta juyo ta dube ni sosai, karo na farko. Ta ce, "Kokawa?"

Na ce, "Kokawa."

Na ciro wata 'yar riga daga aljihu. A tafiyar nan na sayo yadinta saboda shi, na ɗinka ta bayan rasuwarsa ban san dalili ba, na ɓoye a akwatin keke. Na zo da ita ne in ba ta in za mu rabu. Ta karɓa ta shimfiɗa a cinyarta, ta auna hannun rigar da yatsunta, ta ce, "Ta yi masa kaɗan. Bubakar ya fi haka ƙiba." Tun rasuwarsa, ran nan na fara jin sunansa a bakinta. Daga nan muka yi kuka mu biyu. In kika gaya wa wani na yi kuka, zan ce sharrin taubasai ne.

Bayan azahar ta matso tsakiyar tabarma da kanta. Ta sa hannu a kwanon da nake ci, ta yagi cinyar zabo, ta tauna, ta ce gishirin da na zuba zai ishi gidan biki. Ta ci duk da haka, har da burodi biyu. Ta tambaye ni yadda na san wurin nan, na ba ta labarin dutse da mutum bakwai. Ta sa gefen mayafi ta rufe baki, kafaɗunta na rawa, sai dariyar ta ƙwace mata har Aisami ya waiwayo.

Da rana ta karkata na ɗaure kaya, na tsaya riƙe da akala. Ban tambaye ta ina muka nufa ba, don tsoro nake ji. Ta hau, ta gyara kwandonta, ta ce, "Me kake jira? Juya shi mu koma gida. Amma bayan salla za ka kai ni in gaida su Baba, ka jira ni mu dawo tare."

Aisami ya cika mata ƙwarya da dabino, ya ce wurin na nan duk ranar da muke so. Na auna kafaɗarsa da ido, rigar sallarsa tana kan keke yanzu haka.

Abu ɗaya nake roƙonki. Ki rubuto wa Zaliha wasiƙa tata ta kanta, ki gaya mata abin da kika sani game da ciwon nan a matsayinki na ma'aikaciyar likita, gaskiya tsantsa ba lallashi ba. Har yanzu maganar Talatar nan na taso mata wani lokaci, kuma ta ce maganarki za ta yarda da ita. Ni zan karanta mata, ki rubuta da hannu, kalma-kalma.

Ran nan mun shigo gari ana kiran magariba. Inna na zaune a tsakar gida, Yabawa na auna tsabar tuwon dare. Inna ta dubi raƙumin, ta dubi kwandon kwanonin, ta dubi Zaliha da ke sauka tana yi mini faɗan na durƙusar da shi a kan ƙaya. Ta juya wurin Yabawa ta ce, "Ƙara tsabar nan, kin auna ta ba daidai ba. Mu goma sha tara ne."

Naki har kullum,
Manzo ɗan Gwaggo